Na Takwas a Ƙungiyar Zamiyar Ƙanƙara

Talata, 12 ga Nuwamba, 2019. Unguwar Al Satwa, ƙasar Larabawa.

Gwiwata sai zugi take yi, na shafa man zafi amma barci ya ƙi zuwa.

Kara ce ta jawo min. Wata biyu da suka wuce Sadiq, abokin ɗakina, ya miƙo min takarda ya ce, "Don Allah sa hannu kawai. Mu bakwai ne a ƙungiyar zamiyar ƙanƙara, kwaleji kuma ba ta ba ƙungiya kuɗi sai ta kai mutum takwas." Na sa, a zatona cikon suna ne irin na gida. Ni da ko sanyin aji mura yake sa ni.

Ashe yau matar ofishin wasanni za ta zo dandalin ƙanƙarar da muke atisaye, a cikin wani katafaren kanti, ta ƙirga mu da idonta. In ba mu cika ba, babu kuɗin shiga, babu na hayar takalma. Kocinmu ɗaya tilo, da ma rabin albashi yake karɓa, sai ya kama gabansa.

Dole na bi su, na ɗaura takalman, na yi bisimilla na zame. Ban yi nisa ba na kife, ina kwance ina kallon rufi.

Sadiq ya zo ya ɗaga ni, ya ce, "Khalas, shi ke nan, matar ta sa hannu."

Na ce, "A kwance fa ta gan ni."

Ya ce, "Ai takardar ba ta ce sai a tsaye ba."

Abin da ban faɗa masa ba, kafin in faɗi akwai ɗan lokacin da iska ta bugi fuskata, na ji wani daɗi da ban san da shi ba. Jibi akwai atisaye. Babu wanda ya roƙe ni in je, amma tuni na sa safar hannuna ta sanyi cikin jaka.