Mamacin da ke Torino

Zuwa ga yayata Mulunesh,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya yara? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, shi ma tarin ya yi sauƙi.

Yaya, na ga Sinƙinesh a nan birnin Torino. 'Yata ta kai kafaɗata, amma ba ta jin yarenmu. Matar da ta ɗauke ta riƙo ita ce ta yi mana tafinta, tana kuka.

Ba zan zalunci mutanen nan ba, suna riƙe ta da kyau. Sun nuna mini takardunsu. Shekara biyu hukumarsu tana bincikensu: an auna ɗakin da yarinyar za ta kwana, an tambayi likitansu, har maƙwabta. Amma a namu ɓangaren, takarda ɗaya ce tak, inda shaidu uku suka rantse uwa ta rasu, uba ma ya mutu a hanyar Libiya. Sunan farko na Kawu Gashaw ne, wanda na bar masa yarinyar amana, wanda ya ce mana zazzaɓi ya kashe ta.

Matar ta tambaye ni, “Za ka raba mu da ita?” Na ce a'a, ba ke nake nema ba.

Ki karɓo mini takardar baftismata a coci, ki aiko. Lauyan da na ɗauka yana jiran ta, don a tabbatar ni ne uban. Ranar Mesƙel, bikin gicciye, zan iso gida Hosaina, in karanta rantsuwar Kawu a gaban jama'a kafin mu je kotu.

Allah ya tsare ku. Idan kin haɗu da Kawu, ki ce mamaci yana gaishe shi.

Ƙanenki,
Wandimu