Na Faɗa wa Baba Ba Teku Ya Gani Ba

Anti, don Allah ki taimake ni. 'Yan uwana sun sa ni a gaba kamar na yi kisan kai, alhali gaskiya kawai na faɗa.

Babanmu mai gyaran agogo ne. Duk rayuwarsa a kan ɗan tebur ɗaya ya yi ta, bai taɓa zuwa ko'ina ba. Da idonsa ya fara mutuwa, ni da autanmu muka kai shi wani asibitin ido mai nisa, likita ya ce an makara. A hanyar dawowa muka gangaro daga wani tudu, sai ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, rana tana ta walƙiya a kansa. Baba ya sa direba ya tsaya. Ya fita ya tsaya a bakin titi yana ta salati, hawaye har gemu. Ya tambaya ko wannan ne teku. Auta, sarkin daɗin baki, ya ce shi ne. Dam ne fa, Anti! Dam ɗin da ke ba garin da muka je ruwan famfo. Na ja bakina na yi shiru don mu samu mu tafi.

Ba a daɗe ba idon ya rufe gaba ɗaya. To tun daga nan muka shiga uku. Ina ba shi magani, teku. Ina yanke masa farce, teku. Mai gyaran wuta ya zo, sai an zaunar da shi ya ji labarin teku. Kullum kuma ƙara girma yake, yau ya haɗe da sama, gobe har jirgin ruwa an hango. Ni ke wankinsa, ni ke kwashe fo, ni ke rufe shagon ɗinkina da rana in dawo in ba shi abinci. Masu zagina yanzu waya kawai suka iya bugowa su ce a gaishe shi.

Ranar da abin ya faru, dangin mijina ne suka zo duba shi, falo cike. Ya ɗauko labarinsa. Na ga ƙanwar mijina tana danne dariya, ita da ta ga duniya. Raina ya ɓaci. Na ce masa ya isa haka nan, ba teku ya gani ba, dam ne, auta ne ya yi masa wayo kamar ƙaramin yaro. Na ciro hoton ruwan da na ɗauka a waya, har da allon hukumar ruwa a gefe, aka yi ta miƙawa ana dariya. Shi ma ya miƙo hannu. Ban ba shi ba, me zai gani?

Tun ranar bai sake ambatar teku ba, ba ya ma cewa komai. Ya juya fuska bango, abinci cokali biyu ya ture, kullum ramewa yake. Auta ya ce in Baba ya mutu ni ce. Ni dai kunnena ya huta, ba zan ɓoye miki ba. Yaya zan yi su gane ba ni da laifi, kuma yaya zan sa tsohon nan ya ci abinci?

Wadda ta gaji

Ke wadda ta gaji,

Gajiyarki gaskiya ce, kuma jinya ta waya ba jinya ba ce. Ki tara 'yan uwanki ku raba kwanaki, auta ma ya zo ya ɗauki rabonsa na wanki da fo.

Amma wankewar da kike nema ba za ki same ta a wurina ba. Da don gaskiya kika yi magana, da tun a bakin ruwan kin faɗa. Kunyar dangin miji kika ji, sai kika miƙa musu mahaifinki su yi dariya don kada su haɗa da ke. Ruwan nan shi ne abu na ƙarshe mai kyau da idonsa ya gani. A duhun da yake ciki, shi kaɗai ya rage masa yana kallo, kika sa hannu kika ƙwace.

Kada ki koma ki ce masa wasa kike yi, ido ya rasa, ba hankali ba. Ki shiga ɗakinsa ke kaɗai, ki durƙusa ki ba shi haƙuri a kan tozarcin, ba tare da kawo uzuri ba. Sannan ki faɗa masa abin da naki idon ya gani a ranar, faɗin ruwan da haskensa, don ke ma kina wurin. In bai tanka ba, ki dawo washegari. Ku kuma kira likita ya duba ramewar nan.

Ki hanzarta, 'yata. Tsohon da ya daina ci ba zai jira ku gama tantance mai laifi ba. Allah ya ba shi lafiya, ya sassauta miki zuciya, ya sa ki sake jin labarin nan daga bakinsa ko da sau ɗaya ne.

Anti