Muryar Baba Tana Dawowa a Makare

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya gajiya? Mu nan da sauƙi za a ce, don ba zan yi maka ƙaryar lafiya lau ba. Na kira wayarka har na gaji, aka ce inda aka tura ku babu sabis, shi ya sa na zauna na rubuta.

Likita ya yanke magana. Ƙarin da ke maƙogwaron Baba sai an cire shi, kuma bai ɓoye mana komai ba: rai zai tsira in Allah ya yarda, amma muryar ba za ta dawo ba. An sa aikin ƙarshen watan nan. Mama ta yi kuka har idonta ya kumbura. Baba kuwa muna fitowa daga asibiti ya ce in buɗe sutudiyo, akwai waƙoƙi biyu a kansa da bai taɓa ɗauka ba, ba zai shiga ɗakin tiyata da su ba.

To Yaya, a nan matsalar take. Manhajar ɗaukar sauti da ka bar mini a kwamfuta ta nuna akwai sabon zubi, har da cewa yana gyara dusasshiyar murya. Na ga kamar Allah ne ya kawo, na sabunta ta. Tun daga nan in mutum ya yi magana a makirufo, sai muryarsa ta dawo masa a hedifon a makare, kamar mai kwaikwayonsa daga bayan ƙofa. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ka san waƙa.

Baba ya shiga, Kawu Mai Ganga ya ɗauki kiɗa, Baba ya ja baitin farko sai ya yi tuntuɓe. Ya sake, ya sake tuntuɓe. Mutumin da tun kafin a haife mu bai taɓa faɗuwa daga kan kiɗa ba! Ya cire hedifon ya ajiye a kan kujera a hankali, ya ce, “Auta, ashe ba maƙogwaron kaɗai ya tafi ba, har da kunnen.” Na rantse masa laifin na'ura ne. Ya yi murmushi irin wanda yake yi lokacin muna yara in mun kawo masa uzurin banza, ya ɗauki hularsa ya fita.

Na taɓa ma'aunin nan da kake kira bafa. In na rage shi, jinkirin ya ragu amma sautin ya dinga ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. In na ƙara shi, sautin ya yi tas, jinkirin ya dawo. Gaba kura, baya sayaki. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa nan take cewa sun gode, ra'ayina yana da muhimmanci a wurinsu. Daga gani ba mutum ne ya rubuta ba.

Don Allah ka tuna inda ka ajiye tsohon zubin. Ka ba ni amsa ko da layi ɗaya ne. Mama tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Saƙonka ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Ina fata zazzaɓin ƙaramar taku ya sauka.

Na sami faifan tsohon zubin a inda ka ce, cikin aljihun tebur ƙarƙashin wayoyin nan da suka cukurkuɗe. Na sa shi, ya buɗe, har na yi hamdala. Sai ya ƙi karɓar aikin waƙoƙin da muka fara, wai an adana shi da zubin da ya fi shi sabunta. Duk kiɗan da Kawu ya buga, da jita, da amshin da mata 'yan amshi suka yi, suna ciki a kulle. Masu amshin kuma sun tafi wani aiki, ba za su dawo ba kafin ranar tiyatar. Dole na koma wa sabon.

Duk abin da ka lissafa na yi. Na kashe intanet, na rufe komai da ke gudana a baya, na canja wayar akwatin sauti, na cire kayan ƙawata murya ɗaya bayan ɗaya. Har murfin kwamfutar na buɗe na hure ƙura, na jingina mata fanka kamar mai jinya. Fankar tana juyawa, ni ina zufa, jinkirin yana nan daram.

Na shiga dandalin masu amfani da manhajar, na tarar ba ni kaɗai ba ce. Mutane rututu, kowa da kukansa. Wani ya ce mawaƙinsa ya zage shi ya tafi, wata ta ce ta kusa jefa kwamfutarta ta taga. Ma'aikacin kamfanin ya leƙo sau ɗaya, ya ce sun sani, gyara yana zuwa a zubi na gaba. Na tambaye shi yaushe. Na rubuta masa cewa mahaifina ne, kuma wuƙar likita ba za ta jira zubi na gaba ba. Shiru kake ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Ya daina zancen waƙar gaba ɗaya. Yana zaune a baranda yana kallon masu wucewa, muryar kuwa kullum ƙara dusashewa take, shayi mai ɗumi ma da ƙyar yake haɗiyewa. Na ce to mu ɗauka ba hedifon, a saki kiɗan ta lasifika. Ya ce shi ba zai bar wa duniya aikin ƙazanta ba, kiɗa yana kutsawa cikin murya. Ka san shi da kafiya.

Jiya Kawu ne ya cece ni. Ya jawo Baba da ƙarfi da yaji zuwa sutudiyo, wai ya zo ya ga abin dariya. Kawu ya sa hedifon da kansa, ya fara buga gangarsa a gaban makirufo. Kafin a je ko'ina hannunsa ya rikice, ya koma kamar ɗan koyo. Ya cire ya ce, “To ni ma na kurmance ke nan? Ashe tare za a kai mu asibitin.” Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, muka yi ta bubbuga masa baya. Da ya lafa sai ya dube ni ya ce, “Gyara abinki, ina jira.”

Yaya, wannan kalmar ta fi fushinsa nauyi a kaina. Yanzu ya yarda da kansa, ni ce ban san abin da zan yi ba. In akwai wani da ka sani, ko waye, ko a ina yake, ka haɗa ni da shi. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Auta

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti. Na san hankalinka yana nan, don haka bari in fara da abin da kake son ji: an yi aikin, Baba ya farfaɗo, har an sallame mu. Likita ya ce an cire komai. Alhamdu lillahi.

Maganin matsalar daga dandalin ya fito. Wata mata mai koyar da kiɗa, ban san ta ba, ban san ƙasarsu ba, ta ga abin da na rubuta ta nemo ni. Ta ce mai gyaran muryar nan da ya ruɗe ni shi ne ɓarawon: yana kunne da kansa a ɓoye, yana riƙe sauti ya wanke shi kafin ya sake shi. Ta nuna mini lungun da aka binne makunninsa. Na kashe, na tafa hannu a gaban makirufo, na ji tafin a lokacinsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Amma hakan ya faru ne ana gobe za a kwantar da Baba a asibiti. Baba ya zo da safe, ya ɗauki waƙar farko tiryan-tiryan, ko gyara ban yi ba. Muryar a shaƙe take, amma tana kan kiɗa kamar an ɗinke su. Ta biyun ita ce wadda ya yi wa Mama. Ya kai tsakiya, ya buɗe baki zai ɗauki baiti na gaba, sai iska kawai ta fito. Ya sha ruwa, ya huta, ya sake gwadawa. Babu. Kawu ya ci gaba da kiɗa shi kaɗai har ƙarshe, don ya kasa tsayawa. Da makon da na ɓata ina fama da na'ura yana hannunmu, da ya gama ta. Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Kamfanin sun saki gyaransu muna asibiti. Har da saƙo, wai in ba su taurari gwargwadon gamsuwata. Ban buɗe ba.

Shekaranjiya Baba ya yi mini alama in kai shi sutudiyo, da bandeji a wuyansa. Na kunna masa waƙar Mama. Da aka zo inda muryarsa ta yanke, kiɗa ya ci gaba shi kaɗai, na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni. Ya ciro wayarsa, ya nemo hotonka, ya ɗora ta a kan kujerar da ke gaban makirufo. Ya nuna ka, ya nuna maƙogwaronsa.

Na ce masa ka daɗe da barin waƙa. Ya ɗaga kafaɗa. Ka dai san ko Mama ba ta bambanta muryarku a waya. Sauran baitocin suna cikin kan Baba, zai rubuta maka su, Kawu ya san karinsu, ya ce zai zauna da kai har ka iya.

Ka nemi hutu, Yaya. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba. Wayar Baba tana can kan kujerar, ya hana kowa ɗauka, in Mama tana son kiran wani sai ta ari tawa.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta