Taragon Kara da Yatsun Nababa

Alhamis, 3 ga Disamba, 1953

Yau bakina ya yi mini aiki. A kasuwa, rumfar masu goro, na hangi Nababa yana ciniki, na ɗaga murya na ce, "Kai kuturu, janye dungunka daga goron mutane!" Abin da nake ce masa ke nan tun gemunmu yana baƙi. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, in ban tsokane shi ba wa zan tsokana? Ya ce, "Allah ya shirye ka, tsohon banza," muka yi dariya. Akwai wasu baƙi biyu zaune a kan buhu. Su ba su yi dariya ba.

Asabar, 5 ga Disamba

Ashe baƙin nan mutanen Kakangi ne. Ɗayansu Malam Mailafiya, mahaifin Rabi'atu, yarinyar da Salmanu ɗan Nababa yake nema. Binciken asali suka zo yi a ɓoye, kamar yadda kowane uba ke yi. Sun ga hannun Nababa na dama ba yatsu huɗu, sun ji ɗan'uwansa na jini ya kira shi kuturu a tsakiyar kasuwa. Sun aiko a dakata da kai kaya, su ba sa haɗa zuri'a da gidan da ke da kuturta.

Matata Furera ce ta kawo mini labarin tare da tuwo. Yadda ta dire kwanon ya isa wa'azi.

Talata, 8 ga Disamba

Na je Kakangi jiya, na kwana, na dawo. Dajin nan ya ƙara tsawo tun da gwiwoyina suka tsufa.

Na gaya wa Mailafiya gaskiya tsirara: muna samari muka yi leburanci a tashar jirgi a Kaduna, ƙyauren da ke ƙarƙashin taragon kwal ya datse wa Nababa yatsu, ina tsaye. Mutumin kirki ne, ya ba ni fura, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ai mun san ka, Malam Dabo. Ba kai ne ka ce jirgin ƙasa ya shanye kogin Kaduna har kadoji suka fito suna roƙon ruwa gida gida ba?"

Ni ne. Har da muryar kadan nake kwaikwayo.

Ya ce shi bai taɓa ganin jirgi ba, amma bai taɓa jin ɗakin da aka yi wa ƙofa a ƙarƙashin ciki ba. Kuma abin da ya kai wannan girma, yaya zai ɗauki yatsu ya bar mutum? Na zana masa a ƙasa. Ya dubi zanen kamar yadda ake duban mai tabin hankali, da tausayi.

Laraba, 9 ga Disamba

Salmanu ya durƙusa ya gaishe ni a ƙofar masallaci, "Baba, an dawo lafiya?" Da ma ya zage ni.

Juma'a, 11 ga Disamba

Tunda bakina ba shi da sauran daraja, sai hannu: zan ƙera taragon da kara, Mailafiya ya gani da idonsa. Na ɗebo kara daga gona bayan sallah, na shige da shi bayan rumbu. Rabona da fere kara tun ban san tsarki ba.

Abin da nake tunawa, kada ya gudu:

Taragun farko da muka samu akwatuna ne kawai. Kwal ya zo daga Inugu, mu hau da shebur mu kwashe, tun safe har bayanka ya manta da miƙewa. Daga baya aka kawo masu ciki kamar mazurari, faɗi a sama, tsuke a ƙasa. A ƙasan akwai ƙyauren ƙarfe da sakata. A tsayar da tarago bisa rami, a zare sakata, nauyin kwal ya banko ƙyauren ƙasa ya daki ƙarfen da ke gicciye, kaya ya zube da kansa. Mun yi murna da su ƙwarai, har waƙa muka yi musu.

Awo: taki ɗaya na mutum, faɗin yatsa biyu a kara. In ban bi haka ba, zai fito kamar akurki.

Lahadi, 13 ga Disamba

Ya fito kamar akurki. Na zuba tsakuwa, cikin ya fashe.

Furera ta same ni zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, ƙaya a baki, ina haɗa ƙafafun tarago da totuwa. Ta dube ni, ta dubi karan. Ta ce, "Malam, in dama maka kunu ne, ko sai an tashi daga wasa?" Kafin la'asar matan maƙwabta duk sun sami dalilin zuwa aron rariya. Ina jin su suna ƙyaƙyatawa a madafa. Mutum da jikoki, mutumin da ake kira raba gardama.

Litinin, 14 ga Disamba

Na je wurin Bakoji maƙeri ya yanka mini gwangwanin kananzir, ƙyaure da sakata. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce tarkon ɓera. Ya ce ɓeran gidana da alama ɗan sarauta ne.

Tarago na biyu ya tsaya. Na ninka ɓawon kara a ciki, na ɗaure kusurwoyi da zare. Tsawonsa kamu ɗaya da ɗan ƙari. Na yi ɗan mutum da totuwa don a ga girman abin a kusa da mutum. Hannu dabam na yi, babba, mai yatsu biyar.

Talata, 15 ga Disamba

Nababa ya zo, karo na farko tun ranar kasuwa. Bai yi sallama da fara'a ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tsuguna gaban taragon ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sakatar ba a nan take ba. Ta wancan gefen take. Dutse ne ya maƙale a bakin ƙyauren, na sa hannu in cire." Ya ɗauki ɗan mutumin ya ajiye a ƙarƙashi. "Nan nake. Kai kana can kana ba mutane labari."

Ban tuna dutsen ba. Na sha ba da labarin ranar nan, da ƙari da gishiri, har da yatsun suna tsalle kamar fara. Shi ban taɓa jin ya ba da shi ba.

Na mayar da sakatar inda ya ce.

Alhamis, 17 ga Disamba

Mailafiya ya shigo kasuwa, na roƙe shi ya biyo zaurena. Ya zo da ƙanensa. Nababa yana zaune jikin bango. Na ɗora taragon kan duwatsu biyu, na cika shi da tsakuwa, na sa hannun totuwa a kan gicciyen. Ban yi bayani ba, abin da ya ba ni wuya fiye da ferar karan. Na zare sakata.

Ƙas! Tsakuwa ta zube. Yatsu huɗu a ƙasa, babban yana nan.

Mailafiya ya ce, "Ikon Allah. Sake." Na yi sabon hannu, wannan karon shi ya zare da kansa. Sannan ya ce wa Nababa, "Gafarta, Malam, in gani." Ya juya hannun, ya bi tabon da yatsa. A miƙe yake, kamar an ja zare. Ya ce wa ƙanensa, "Ciwo ba ya yanka a layi haka." Ya ce a kai kaya bayan an gama sussuka. Taragon kuma ya roƙa, wai mata a gida ba za su yarda da bakinsa ba. Ya tafi da shi a ka, dattijo guda, ta tsakiyar kasuwa. Na ɗan ji sanyi.

Amma ba wannan nake son rubutawa ba. Duk sau biyun da ƙyauren ya faɗi, na dubi Nababa. Fuskarsa tana bango, hannun yana cikin riga, gumi a goshinsa. Gwangwani ne fa da kara.

Juma'a, 18 ga Disamba

Ban fita hira ba.

Alhamis, 24 ga Disamba

Kasuwa. Na same shi a rumfar goron nan. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Barka da kasuwa, Nababa." Ya waiwayo ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ba ka da lafiya ne, tsohon banza?" Na ce lafiya lau. Ya miƙo mini hannu, na damar, ba hagun da ya saba ba. Na riƙe. Yana da ɗumi, da kanta a tafin, kamar hannun kowane manomi. Ban san haka yake ba.

Ba wani abu ba ne. Maƙogwarona ne ba ya son ɗaga murya kwanakin nan.