Hannun Meiyan

Linxia, 9 ga Maris, 1994

Zuwa ga Yayata Guifang,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki da wannan takarda, na san aikin ɗakin magani a Lanzhou ba ya barin ki ki numfasa. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da gwiwarsa, da yara duka. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai tun ran Talata abinci ba ya wuce mini.

Kin tuna Hegu, wurin nan tsakanin babban yatsa da ɗan ali da kika koya mini dannawa in haƙori ko kai na ciwo? Kin ce a danna wa kowa ban da mai ciki, don ana tsoron ya tayar da naƙuda. Shekara ashirin ina kiyaye wannan kamar alwalata.

Ran Talata na ga Meiyan, matar ɗana Ersa, tana murza ƙullun taliya tana dafe da kunci. Na ce, "Kawo hannunki, 'yata." Ta ɗan noƙe, sannan ta miƙo. Na danna dama, ina cikin danna hagu sai ga uwarta Caixia ta shigo. Ta kurma ihu: "Sake ta! Jikan nawa za ki zubar?"

Yaya, ashe ciki ne, wata biyu da rabi. Uwarta ta sani, Ersa ya sani. Ni da muke ci a tukunya ɗaya ce ban sani ba, wai ba a faɗa sai an cika wata uku, kada cikin ya yi zuciya ya koma. Na tsare Ersa, ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ai saura sati biyu mu gaya miki." Ita kuma Meiyan wai kunyar suruka ce ta hana ta janye hannu. Kunya! Da garwashi na miƙa mata haka za ta karɓa?

Likita ta duba ta, ta ce ba ta ga komai ba. Duk da haka Caixia ta kwashe 'yarta zuwa gidansu. A masallacin mata kuwa, tsohuwa Sha ta hango ni ta cusa hannuwanta cikin riga ta ce, "Yulan, yi sallamar daga nan, tana isowa." Shekararta saba'in da uku, wane ciki zan zubar mata! Kowa ya kwashe da dariya.

Ba dariyar ce ta dame ni ba. In wani abu ya sami cikin nan, da wane ido zan dubi Ersa, kuma me zan ce wa Ubangijina? Ban rage komai ba: numfashi talatin na danna dama, hagu kamar goma. Ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni.

Ƙanwarki,
Yulan

Linxia, 4 ga Oktoba, 1994

Yayata Guifang,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali, ga ni na sake dawowa da damuwata, ki yi haƙuri.

Amsarki ta wancan karon, inda kika ce da wuya dannawa ɗaya ta yi lahani, na kai wa Caixia har gida na karanta mata. Ta ce ai ba a kiran yayar ɓarawo shaida. Wata bakwai ke nan ko mayafin Meiyan ba a bar ni na taɓa ba. Miyar kaza in na dafa, a bakin ƙofa ake karɓa.

To, cikin da aka ce na zubar ya zauna daram, har ya ƙi fitowa. Yau kwana tara da wuce lokaci. Likita ta ce in Litinin ta yi babu naƙuda za su tayar da ita da allura, Caixia kuwa tsoron allurar nan take kamar mutuwarta.

Jiya da hantsi sai ga ta da ƙullin busasshiyar magarya da ganyen shayi, tana janye da Meiyan. Ta zauna tana murmushi ta ce, "Surukata mai hannun albarka, ki taimaka ki danna mata wurin nan."

Na ce, "Wane wuri? Wanda ake zubar da jikoki?" Astagfirullah, na faɗa, kuma na ji daɗin faɗa.

Sai Meiyan ta taso da ƙyar, ciki a gaba, ta ɗora hannunta a cinyata ta ce, "Mama, wannan karon ina gaya miki tun da wuri: ina da ciki."

Na yi dariya har da hawaye. Na riƙe hannun nan, duk ya kumbura, na karanta mata Fatiha. Amma ban danna ba. Na ce sai likitarta ta yarda, ke ma kin yarda. Caixia ta ce taurin kaina ya yi yawa. Ni! Duk da haka ta bar mini Meiyan, yanzu haka tana ɗakina tana shan miyar kaza.

Gobe zan raka ta wurin likita in tambaya da bakina. Ke kuma ki gaya mini: in danna ko in bari? In dannawa ce, numfashi nawa? Kada ki saka amsar a gidan waya, ki ba direban motar Linxia. Don Allah, Yaya, ki amsa mini da wuri, kafin Litinin.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Yulan