Lambar Baba a Cikin Fata

Daren Talata, Tajaye

Na dawo daga Ƙonni kaina na sara. Takardar sallamar Baba daga soja ba ta ambaci lambar yabonsa ba, tsofaffin majalisa kuwa sai tsokanarsa suke, wai gadin tukunya ya yi a bariki. Mutumin buro, wato ofishin da na kai ƙorafin, ya ce za a gyara, amma sai ya ga lambar da idonsa, gaba da baya.

To, tun kafin rasuwarta Inna ta kai ta wurin baduku, aka ɗinke ta cikin jar fata kamar laya don kada ta ɓace. A damtsensa take kwana.

Da na kawo maganar farkewa, sai ya dafe wurin.

"Sani, uwarka ta sa aka ɗinke. Kai za ka farke?"

"Baba, to su Malam Idi na majalisa da dariyarsu fa?"

Sai ya ce in koma in sake roƙo.

Wataƙila ni ne ban iya bayani a buro ba. Na sayi reza a hanya. Tana aljihuna, ban gaya masa ba, kuma na kasa fiddo ta.