Wa Ya Ce Ku Sa Inna Tatsuniya da Rana?

Zuwa ga Shugaban Komiten Taron Marubuta Labaran Aljanu da Dodanni, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku sannu da gajiyar taro, Allah ya huce gajiya.

Ni ne mushen lakol, wato malamin makarantar nan na unguwar Yantala, da labarinsa ya zo na biyu, labarin rijiyar da ta yi yaji ta bar gari. A gaskiya ba nawa ba ne, na mahaifiyata ne. Ita take ba mu shi muna yara a Tawa, ni alƙalamin bik kawai na sa masa. Shi ya sa na ɗauko ta a kar, babbar motar haya, da ciwon gwiwarta da komai, don ta ga ranar da za a kira sunan ɗanta a gaban mutane. Ba ta gani ba, ranka ya daɗe, kuma ga dalili.

Na farko. Ba ku gaya mana ɗalibai za su zo da ƙahonin kwali da wutsiyar igiya ba. Tun daga ƙofa Inna take a'uziyya. Amma ta daure, ta zauna, har jawaban manyan baƙi ta shanye, da Faransanci kuwa, ba ta ji ko ɗaya ba.

Na biyu, kuma nan ne kukana. Da hantsi na karanta wani yanki na labarin, na yi mata godiya. Sai mai gabatarwarku ya ji daɗi, ya jawo ta gaba, ya miƙa mata mikoro wai ta bayar da labarin da bakinta. Ƙarfe sha ɗaya na safe! Haba ranka ya daɗe, ɗaki cike da masanan aljanu, wasu har da tabarau, a rasa mutum ɗaya da ya san ba a tatsuniya da rana? Ɗan yaye a Tawa ya san mai yin ta ɓata yake yi. Inna ta dubi taga, ta dube ni, ta ajiye mikoro a ƙasa, ta gyara mayafi ta fice. Jama'a kuwa sai tafi, sun ɗauka cikin wasan ne.

Na uku. Lokacin da kuke kiran sunana, ina tsakiyar kasuwar Peti Marshe ina nemanta. Ni da na tsufa a Yamai, wallahi sai ga ni ina zagaye masu tumatir, na kasa gane hanyar fita. Ita kuwa da ba ta jin Faransanci ba ta jin Zabarmanci, tuni ta tari taksi ta isa gida har ta yi azahar. Da na shigo sharkaf da zufa, cewa ta yi ai ni ne na fara da hantsi.

Takardar yabon, wani abokin aikina ya kawo mini a leda. Inna ta juya ta, ta miƙo mini, ta ce ta rufe baki, tunda na mai da labaranta abin baje wa rana. Ta koma Tawa. Akwai labarai a cikinta da ba ni da su, wasu rabi kawai na riƙe, kuma babu wanda ya rage a gidanmu da ya san su. Wannan shi ne ke hana ni sukuni.

Roƙona biyu ne. Baɗi, ku yi jawabanku da rana yadda kuke so, amma labari a bar shi sai bayan magariba. Sannan ina roƙonka kai da kanka ka kira ta a salula ka ba ta haƙuri, da Hausa. Kada ku rubuto wasiƙa, ni zan karanta mata, kuma a yanzu ba ta yarda da abin da ke fitowa daga bakina ba. Don Allah kada ku jira baɗi da kiran, shekarunta sun ja.

Allah ya ƙara muku basira, ya tsare ku daga aljanun da kuke rubutawa, ya bar ku da iyayenku.

Wassalam.

Naku mai ƙaunar taron,
Mushe Abdu, Yantala.